Tsohon da Kuka Cire

Kai Farfesa, kai ne ka kwantar min da miji, kai ne kuma ka kashe wa jikata zuciya tana da ranta. Ban ce da hannunka ka yi ba. Hannun naka ma na gan shi, mai laushi ne, da alama ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Amma ɗakin naka ne, kai ke da mabuɗinsa, yaran da ke ciki kuma da bakinka suke magana. Don haka kai nake tuhuma.

Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata in ta sassauta min kalma ɗaya ban yafe ba.

Mijina mai gyaran rediyo ne. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin wani bene kusa da tasha, cike da rediyoyin da masu su suka kawo suka manta. Tun ina amarya nake wanke rigunansa masu ƙananan hujojin ƙunar dalma. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ita ma ya karɓe ta wajen haihuwa, ta bar mana jaririya. Uban ya yi wani auren ya yi nisa. Mu muka raine ta. A kan teburin shagon nan ta koyi zama, kakanta yana ba ta matattun batura tana jerawa.

Da ta shiga jami'a, ya laƙaba mata Likita. Kullum sai ta ce, "Kaka, ni fa ba likitanci nake karanta ba. Yadda jiki ke aiki nake karantawa, zuciya da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa."

Shi kuma ya ce, "To ni ma ai yadda rediyo ke aiki na sani, kuma mai gyara ake ce min. Likita, miƙo min sukuddireba."

A shekararta ta uku ta dawo gida wata rana ko takalmi ba ta cire ba ta faɗo ɗaki. An ɗauke ta a ɗakin bincikenka. Ta ce ɗalibai da yawa ne suka nema, kaɗan aka zaɓa, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka ƙofofi sukan buɗe masa. Aka ba ta farar riga. Ni na rage mata hannun rigar don ya yi mata tsawo. Kakanta ya sa ta saka, ta zagaya tsakar gida, ya ce kowa ya kauce, asibiti ya zo gida.

Da fari wanke-wanke take yi muku da goge na'urori. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Daga baya aka ce za a ba kowane ɗalibi ɗan binciken kansa. Nata shi ne a ga yadda zuciyar tsofaffi ke yi idan suka tashi tsaye daga kwance. Sharaɗinku kuwa, kowane ɗalibi shi zai nemo tsofaffinsa.

To ina tambayarka, yarinyar da daga gida sai makaranta, a ina za ta samo tsofaffi? Ba a kasuwa ake sayar da su ba. Kowa gida ya koma. Wannan ya kawo kawunsa, wancan ya kawo gwaggonsa, ita kuma ta zo ta durƙusa gabanmu.

Na ce mata, "Ni dai ba mai manna min waya a ƙirji. Na tsufa da mutuncina."

Kakanta ya ce, "Rabu da ita, Likita, tsoro take ji kada na'ura ta tona yawan faɗan da ke cikinta. Ni zan je. Tun ina saurayi nake jona wa rediyo waya, yau a jona min in ji tashar da zan kama."

Ranar ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya yi aski, ya rufe shago da rana tsaka. Duk wanda ya tambaye shi a hanya sai ya ce jami'a ce ta kira shi. Na bi su, don gwiwarsa ba ta son matakala.

Ɗakin na nan a idona. Sanyi kamar cikin randa, fitilu farare, warin maganin goge-goge. Akwai wani gado mai madauri wanda ake karkata shi har ya miƙe da mutum tsaye. Gefe guda kwamfutoci. A can lungu wani dogon saurayi mai gilashi yana zaune ya ba mu baya, shi ne babban ɗalibinka, wanda ka bar wa yaran. Kai ba ka nan. An ce ka yi tafiya taro.

Jikata ta kwantar da kakanta, ta goge masa ƙirji da auduga, ta manna 'yan faifai, ta jona wayoyi. Na zauna a kujera ina kallonta, na ce a raina ina ma uwarta ta ga wannan rana.

Layi ya fara tafiya a fuskar kwamfuta, yana tsalle yana sauka. Ni duk layi layi ne a wurina. Fuskar yarinyar nake kallo, ita na iya karantawa. Na ga murmushin ya janye. Ta matsa kusa, ta sa yatsa tana bin tsallen, wani kusa da wani, wani nesa, kamar tafiyar mai ɗingishi. Ta cire faifan ta sa sababbi. Ta sake kallo. Sannan ta je ta tsaya bayan dogon nan, ta ce, "Yaya, don Allah zo ka duba min. Bugun ba ya tafiya daidai."

Sai da ya gama abin da yake bugawa. Ya taso, ya leƙa daga tsaye, ko kujera bai ja ba.

Ya ce, "Waya ce. Wayoyin nan sun tsufa, kullum haka suke yi."

Ta ce, "Ɗazu na auna wata da su, kuma ya fita daidai."

"To motsi yake yi. Ko gumi. Ke dai wannan ba zai lissafu ba, cire shi ki nemo wani."

A nan ne mijina, Allah sarki, ya ɗago kai daga gadon. An taɓo sana'arsa. Ya kamo wayar guda, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya kai ta kusa da ido. Ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya. Dubi bakinta, ta fara sakin jiki. Irin wannan ita ke sa rediyo shaƙewa, mai shi ya zo yana rantsuwa injin ne ya mutu. Ɗana, in kuna so ku tattaro min su, kafin jibi na ɗaure muku bakinsu."

Dogon ya yi dariya ya ce, "Kin ji ko? Baba ma ya faɗa."

Mutum biyu, babbanta na makaranta da babbanta na gida, suka haɗu a kan magana ɗaya. Me kake so ta ce? Ta cire masa faifan a hankali, ta taimaka masa ya sa riga.

A hanyar gida ya yi ta tsokanarta. "Sau ɗaya na shiga jami'a, kuma na faɗi jarrabawa. Kada ki gaya wa mutanen tasha." Ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Abin da ya biyo baya ban san shi a lokacin ba, sai daga baya ta gaya min, tana magana kamar mai aman ƙaya. Ta koma wurin dogon washegari, ta ce ta duba littafi, layin ya yi kama da wani ciwo na zuciya, ko a gaya wa tsohon ya je asibiti? Ya ce mata, "Ke likita ce? Mu nan bincike muke yi, ba duba marasa lafiya ba. Kika fara gaya wa mutane suna da ciwo, gobe a ce ɗalibai na yin aikin likitoci, a rufe mana ɗaki. Kina son ki zama sanadi?" Ta ce a'a. Ta jira ka dawo. Da ka dawo ka tara ɗaliban, abin da ka tambayi kowa shi ne tsofaffi nawa ya samu. Da aka zo kanta ka ce tana baya, ta ƙara himma, akwai masu jiran gurbinta. Ka dubi agogo ka fita. Ta biyo ka har bakin ofis, sakatariyarka ta ce sai da alƙawari.

Duk da haka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. A gabana ta ce masa, "Kaka, da za ka je asibiti a auna zuciyarka."

Ya ce, "A kan me? Ba waya ba ce? Ni da idona na gani."

"Ko da haka ne."

"Babbanku ya ce waya, ni na ce waya. Likita, kina so ki fara aiki a kaina tun ba a ba ki takarda ba?"

Ta dube ni. Ni kuwa ina tsince shinkafa, na ce ta ƙyale shi, mutumin da ke hawan keke har yanzu. Ina wurin, ban musa ba. Amma ni me na sani? Ban taɓa cewa na iya karanta layin zuciya ba. Ku ne kuka ce kun iya.

Damina ta wuce. Wata safiya mai shagon kusa da nasa ya zo da gudu ko sallama babu. Ya ce ya ji ƙauri ne ya leƙa. Ya tarar da mijina ya zame daga kan kujera, bakinsa ya karkace, ƙarfen da yake narka dalma da shi yana kan cinyarsa ta dama yana cin wando da nama, shi kuwa bai ma san yana ƙonewa ba.

A asibiti suka kwantar da shi, wata likita mai furfura ta sa aka manna masa irin faifan nan, aka jona wayoyi. Wayoyinsu sababbi ne fil. Layi ya fito yana ɗingishi, irin na ranar nan sak. Ni ma da ban iya ba na gane shi. Jikata tana tsaye a gefena, na ji ta riƙe gefen gadon.

Likitar ta ce, "Mama, zuciyarsa ta daɗe tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba. Idan tana haka jini yakan yi gudaji a cikinta, gudajin ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Da an sani da wuri akwai ƙwayar da ake ba su, tana rage haɗarin sosai. Ba a taɓa auna shi ba?"

Kafin in buɗe baki yarinyar ta juya ta fita. A bayan ɗakin wanki na same ta, ta tsuguna ta haɗa kai da gwiwa. Ba kuka take yi ba. Da kukan ne ma da na samu abin rarrashi.

Yanzu yana gida. Mun fitar da kujeru daga ɗakin gaba muka sa masa gado kusa da taga. Ɓarin dama ya tafi. Hannun da ke zare ƙaramin sukuru da ido rufe yana kwance kan matashi kamar ba nasa ba. Maganarsa duka ta tafi, mutumin da in ya fara zance sai shayi ya huce. Kalma ɗaya ta rage masa, madalla. Yunwa yake ji, madalla. An juya shi ciwon cinyar ya motsa, madalla, hawaye na bin gefen idonsa. Idan jikarsa ta shigo da ruwan wanka, ya bi ta da ido, bakin ya yi ta kokawa, ina gani sunan da yake kiranta da shi yake nema, sai abin da ya fito ya fito.

Ita ke masa komai. Ba ta bari in taɓa. Ta wanke shi, ta juya shi, ta ba shi abinci da ƙaramin cokali, ta kama yatsunsa tana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. An koma makaranta tuni, ƙawayenta sun zo sun gaji sun daina zuwa. Ta rame har wuyanta ya fito. In na ce, "Ki ci abinci," ta ce ta ci. In na ce, "Ki shirya ki koma karatu, ni ina nan," sai ta ce, "Inna, na gani fa. Da idona na gani, na yi shiru."

Na ce, "Ba ki yi shiru ba. Kin gaya wa na gaba da ke, kin gaya wa kakanki."

Ta ce, "Ban faɗa da ƙarfi ba. Tsoro na ji kada a cire ni."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki mayafi na nufi jami'arku. Sakatariyarka ta ce ba ka nan. Na koma, ta ce kana taro. Na sake komawa, ta ce wai me ke tafe da ni, ko sayar da wani abu nake yi. Na ce mata, "'Yata, abin da na kawo ba na sayarwa ba ne, na mai shi ne." Dogon kuwa da ya hango ni a baranda sai ya tuna yana da aiki a wani bene. Na bar shi. Shi ma ɗan wani ne, abin da ya tarar ana yi shi yake yi.

Na zauna a bakin matakala har ka fito. Ka tuna yanzu? Kana riƙe da jaka da mabuɗin mota. Ka saurare ni, ban ce ba ka saurara ba. Ka ma rusuna ka ce, "Sannu Mama, Allah ya ba shi lafiya." Ka ce abin ya taɓa ka. Ka ce ɗakinku ba asibiti ba ne, na'urorinku ba na gano ciwo ba ne. Sannan ka faɗi wadda har yau take ci na.

Ka ce, "Da ɗalibar ta sanar da ni kai tsaye, da an ɗauki mataki."

Na ce, "Ta zo ƙofarka."

Ka ce, "Ban samu labari ba. Amma ki ce mata ta dawo, yarinya ce mai ƙoƙari, ba za mu riƙe ta da wannan ba."

Ba za ku riƙe ta ba. Wato ita ce mai laifin, ku ne masu yafiya. Na tsaya ina kallonka har ka shiga mota. Wannan saƙon ban kai shi gida ba. Da na kai, da na haƙa mata kabari da harshena.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A ɗakinka yarinya ce ta hango, manya suka ƙi ɗaga kai. Kun koya mata ta gane bugun da ya karkace. Wa ya koya mata abin da za ta yi in ta gane? Kun aiki ɗalibai su kwaso iyayensu da kakanninsu, mutanen da ba za su iya yi wa gardama ba, kuka bar su da wani yaro wanda shi ma kansa yake tsoro. Idan layi ya yi kyau, naku ne, ku sa a takardunku ku tafi taro. Idan ya karkace, a cire a nemo wani. Kamar mai zaɓen tumatir. To wanda aka cire ɗin gida yake komawa, Farfesa, yana da mata, yana da shago.

Shekaranjiya na shiga ɗaki na tarar tana goge masa baki da wani farin ƙyalle. Na ga ɗinki a gefensa, na gane hannuna. Na ɗaga katifa, ga sauran nan a ninke, an yanka su murabba'i-murabba'i. Farar rigar ce. Ta sa almakashi ta yanka ta tsumma-tsumma, aljihun ma ta yi abin ɗaukar tukunyar ruwan zafi da shi.

Na ce, "Me kika yi haka?"

Ta ce, "Yadin yana shan ruwa sosai, Inna."

Kakanta yana kallonmu. Ya gane rigar, na san ya gane, don hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙyallen ya ƙi saki. Ya yi ta ƙoƙarin magana har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta durƙusa tana cewa, "Yi haƙuri Kaka, yi haƙuri," ita a zatonta tuhumarta yake yi. Ni da na zauna da shi tun ƙuruciya na san ba haka ba ne, amma ba shi da bakin da zai gaya mata, ni kuma ta daina jin nawa. Ta ce ni kakarta ce, dole in faɗi haka.

Shi ya sa na zo gare ka ta wannan hanyar, tunda ƙofarka sai da alƙawari. Mijina ba zai tashi ba, likita ta gaya min, na kuma karɓa. Ba jinya nake nema a wurinka ba, ba kuma gaisuwa ba. Yarinyar nake so a sauke wa kayan da ba nata ba, kuma wanda ya ɗora shi ne zai sauke. Maganarka ce take ji kamar daga sama ta sauko. Da ita ka tsorata ta, da ita za ka kwance ta.

Ka zo gidan. Sakatariyarka ta san unguwar, na kwatanta mata. Ka zo da dogon naka. Akwai ɗan benci a gefen gadon, ba shi da laushi amma zai ɗauke ka. Ka zauna inda tsohon zai ga fuskarka, ka dubi jikata, ka gaya mata da bakinka wanda ya kamata ya duba layin nan, da wanda ya kamata ya ce a tafi asibiti, da dalilin da ya sa babu wanda ya yi. Kuma ta ce min ba kakanta kaɗai aka cire ba, akwai gwaggon wata da baban wani. Su waye su? Suna ina yanzu? An gaya musu?

Ina jiranka, Farfesa. In ba ka zo ba, zan koma bakin matakalar nan in zauna, duk ɗalibin da ya zo hawa riƙe da hannun tsohonsa in tare shi in ba shi labari, har ka sauko ka amsa min.